Ranar Da Aka Kashe Mai Karya Farashi

Sufeto Derlis Ocampos bai gama cin gurasar chiparsa ta safe ba aka buga masa waya cewa an tsinci gawa a layin masu sayar da bindigogi. Ya nannaɗe ragowar a takarda, ya ƙwala wa Saja Paredes kira, suka shiga mota.

Kasuwar Ciudad del Este ta riga ta cika. 'Yan Brazil na ta tsallako gada da manyan jakunkuna babu komai a ciki, masu babura na kutsawa tsakanin motoci. Sai da Saja ya yi ta danna oda kafin suka samu hanya.

Sufeto ba ya ƙaunar layin nan ko kaɗan. Ya daɗe yana kwashe gawawwakin samari a bakin kogi, ya kuma san yawancin bindigogin da suka huda ƙirazansu daga gilasan shagunan nan suka fito, har da rasit.

Mamacin shi ne Don Blas Recalde, mai shago na uku daga kwana. Yana kwance rigingine a bayan kanta, harbi ɗaya a ƙirji. An fasa gilashin da ake jera ƙananan bindigogi, an kwashe jeri guda kaf.

"Fashi ne, Yallaɓai," in ji Saja yana share zufa. "Mai kayan mutuwa, mutuwa ta zo sayayya."

"Duba bango."

Saja ya ɗaga kai. Manyan bindigogin farauta na Italiya suna nan a rataye, kowace ta fi mota tsada. Akwatin kuɗi ma ba a taɓa shi ba.

"Wane iri ne aka kwashe?"

Saja ya karanta ɗan katin da ya rage a gilashin. "Kolvar. Su kaɗai."

Sufeto ya tsuguna ya shafa ƙasa. Tsaf take, an share, har an ja kabad biyu daga jikin bango ba a mayar da su daidai ba. A ɗakin ajiya kuma an cire na'urar da ke naɗar hoton kyamara, an zare wayoyinta a hankali ba tare da an tsinka ko ɗaya ba.

"Ka taɓa ganin ɗan fashin da ya yi kisa ya tsaya shara?"

"Sai dai in uwarsa ta ba shi tarbiyya."

A kan kanta akwai kofin ƙaho na tereré, shayin sanyin da ake sha a nan, da tulun roba mai faɗin baki, ƙanƙarar ta narke, ganyaye na yawo a saman ruwan. Saja ya ɗauki tulun zai matsar da shi don mai ɗaukar hoto ya samu wuri. Wani abu ya yi ƙara a gindinsa.

Sufeto ya sa safar hannu, ya zura yatsu cikin ruwan, ya fito da kwanson harsashi.

"Ga abin da aka share shagon nan ana nema," ya ce. Ya jefa shi a leda. "Daga ni sai kai muka san da wannan. Ko matarka kar ta ji."

"Ai ba ta saurarona ma, Yallaɓai."

A waje, matar mamacin, Ña Edelira, na zaune kan kujerar roba. Ita ce ta zo da safe ta tarar da ƙofar ƙarfe a sauke amma ba a kulle ba. Wani ƙaton mutum mai furfura a gefen kunne na tsaye a kanta yana mata fifita da kwali, idanunsa sun yi jajir.

"Me ya sa ba ki neme shi jiya ba da bai dawo gida ba?" Sufeto ya tambaye ta.

"Yakan kwana a shago in kaya suka iso. Na zaci hakan ne."

"Yana da abokan gaba?"

Ta yi wani guntun murmushi mai ɗaci, ta nuna layin da haɓarta. "Zaɓi ƙofar da kake so."

"Saboda me?"

"Saboda Kolvar. Injiniya Talavera ne ya ƙulla da masana'antar cewa shi kaɗai zai riƙa shigo da ita ƙasar nan. Shi ke ba kowa sari, shi ke yanka farashin da za a sayar, wanda ya rage ko sisi a daina ba shi kaya. Blas ya rage, aka daina ba shi. Sai ya samo wani dila a Panama, ya shigo da nasa da takardunsa, ya karya farashi ƙasa warwas. Masu saye suka watse daga sauran shagunan."

"Kai fa?" Sufeto ya juya ga mai fifitar.

"Crispín Ledesma, Yallaɓai. Shagona ne wancan na tsallake. Kompadrena ne, ni na riƙe 'yarsa ranar da aka yi mata baftisma."

"Kai bai karya maka kasuwa ba?"

"Ya karya mana. Amma kasuwa daban, zumunci daban. Na sha ce masa, kompadre, ka bi a hankali, mutanen nan ba su da imani."

"Jiya da yamma kana ina?"

"Hadari na tasowa na rufe, na tafi Hernandarias wajen tsohuwata. Ka ga irin tsawar da aka yi. Da ina nan ma ba lallai in ji harbin ba."

Ya fashe da kuka, har Ña Edelira ce ta koma ba shi haƙuri.

Da azahar Dakta Mirna ta ɗakin gwajin harsasai ta kira Sufeto.

"Ina ka samo kwanson nan?"

"A cikin tereré."

"To ba a kasuwa aka sayi bindigar da ta tofar da shi ba. Allurar da ke dukan gindin harsashi a tsohuwar Kolvar zagayayyen tabo take bari. Wannan tabon mai kusurwa huɗu ne. Sabon samfuri ne, ni na gwada shi watan jiya da kamfanin ya kawo don rajista. Ba a fara sayarwa ba tukuna."

Ofishin Injiniya Osvaldo Talavera na hawa na sama a wani bene mai gilashi, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Mutum ne siriri mai tsabta, da taushin murya. Ya sa aka kawo musu kofi.

"Abin baƙin ciki ne," ya ce. "Na aika da furanni."

"Kun yi faɗa da shi."

"Lauyoyina suka yi faɗa da shi, a kotu. Ni ɗan kasuwa ne, Sufeto. Na zuba dukiyata na samo yarjejeniyar nan, ni ke talla, ni ke gyara in ta lalace, sai wani ya bi ta bayan gida ya zubar mini da darajar kaya? Bindiga ba tumatir ba ce. In ta yi araha, kowane ɗan iska sai ya saya."

"In ta yi tsada fa, wa ke saya?"

"Ɗan iska mai kuɗi," in ji Saja, yana hura kofinsa.

Talavera bai yi dariya ba.

"Sabon samfurin Kolvar," in ji Sufeto. "Su wa ke da shi?"

"Babu kowa. Suna rumbu a kulle, ko ɗaya bai fita ba."

"Ka tabbata?"

"In kana son shiga rumbuna, kawo takardar alƙali."

Suna fita suka ci karo da sakatariya riƙe da zanen wani sabon talla, tana jiran mai gida ya amince. Hoton mai shago ne a bayan kanta, an rubuta da manyan baƙaƙe: KAR KA ZAMA NA GABA. Sufeto ya tsaya ya karanta. Gawar Don Blas ko wanka ba a yi mata ba.



Washegari da la'asar aka yi zaman makoki a gidan mamacin. Akwatin gawa na tsakiyar falo, mata na jan addu'a, furannin Talavera sun fi na kowa girma. Maza kuwa sun taru a ƙarƙashin mangwaro a tsakar gida, duk masu shagunan layin ne, kwalbar giyar rake na zagayawa.

Sufeto ya jingina da bango yana saurare. Babu mai maganar mamaci.

"Tun jiya ban zauna ba," in ji wani. "Kowa tsoron fashi yake, kowa na son ta aljihu."

"Ni har na ƙara a kan farashin Injiniya, ba wanda ya yi ciniki."

"Allah ya jiƙan Blas, ya yi mana rana bayan ransa."

Suka tuntsire da dariya, sai da wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta harare su.

Wani gajere mai tumbi, Don Higinio, wanda giya ta fara kamawa, ya hango Sufeto ya yafito shi.

"Yallaɓai, ku kama ɓarayin nan, in ba haka ba mu za mu gama da su. Kalli nan." Ya ɗaga riga ya zaro bindiga, a gidan makoki, yara na wasa a gefensa. "Ka taɓa ganin irinta? Ko shugabanku ba shi da ita."

Sufeto ya karɓa, ya cire harsasan, ya juya ta. Sabuwar Kolvar ce, an zana sunan Higinio a jikinta da ruwan zinare.

"A ina ka samu?"

"Kyautar Injiniya. Ya yi mana gashin nama a gonarsa, ya ba mu mu uku da muka fi kowa sayar masa da kaya. Ni, da Ña Zunilda mai shagon kwana, da Crispín."

Crispín na can bakin ƙofar falo yana karɓar gaisuwa a madadin iyali. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya tara su ukun a gefe.

"Gobe da safe kowa ya kawo kyautarsa caji ofis. Gwaji kawai za a yi."

Higinio ya yi ta ƙunƙuni. Ña Zunilda ta ce tata ko daga kwali ba ta fitar ba. Crispín ne kaɗai bai nuna damuwa ba.

"Ko yanzu kake so sai in ɗauko, Yallaɓai. Duk abin da zai sa a kama wanda ya kashe kompadrena."

Shi ya riga kowa kawowa, a goge, tana ƙamshin mai.

Kwana biyu bayan an binne Don Blas, Dakta Mirna ta kira Sufeto ɗakin gwaji. Ta nuna masa hotuna a allon kwamfuta.

"Harsashin da aka ciro daga ƙirjinsa bai bi ta bututun ko ɗaya daga cikin ukun ba."

Saja ya yi tsaki. "Shi ke nan, mun koma farko."

"Ban gama ba. Bututun da ke jikin ta Crispín ba nata ba ne, na tsohon samfuri ne aka ɗaura, girmansu ɗaya. Amma allura da fuskar da ke tare gindin harsashi nata ne na asali. Ga tabon kwanson da kuka kawo, ga na gwajin da na harba da bindigarsa."

Hotunan biyu suka hau kan juna, babu bambanci ko na gashi.

Sufeto ya aika Saja Hernandarias kafin ya nemi takardar alƙali. Tsohuwar Crispín ta ce rabonta da ɗanta tun bikin Ista, ta kuma roƙi Saja ya gaya masa rufin ɗakinta na yoyo.

Da hantsi suka isa shagon Crispín. Cike yake da masu saye, yana nuna wa wata mata yadda ake ɗana bindiga. Da ya ga 'yan sanda a bayan Sufeto, sai ya ajiye ta a hankali.

"A sallami mutane," in ji Sufeto.

Aka sauke ƙofa rabi. Crispín ya jawo kujera.

"Tereré, Yallaɓai?"

"Na ƙoshi. Tsohuwarka na gaishe ka. Ta ce ɗakinta na yoyo, kuma rabonta da kai tun Ista."

"Ta tsufa, mantuwa take."

"Me ya sa ka sauya bututun bindigarka?"

"Ni? Haka aka ba ni ita."

"Haka aka ba ka sabuwar bindiga da tsohon bututu?"

"To ko da na sauya, laifi ne? Sana'ata ce. Kun gwada, harsashin bai dace ba, ko ya dace?"

"Wa ya gaya maka harsashi muke gwadawa?"

Sufeto ya zaro ledar daga aljihu ya ajiye a kan kanta. Crispín ya ƙura wa kwanson ido.

"Ka share shagon, ka ja kabad, ka duba ko'ina. Ba ka duba tulun da kuke sha tare ba."

A lokacin wani ɗan sanda ya leƙo daga ɗakin ajiya. "Yallaɓai, zo ka gani."

An ɗaga allon silin. A ciki akwai buhu, cike da ƙananan Kolvar, kowace da ɗan katin shagon Recalde ɗaure a kunamarta. Na'urar naɗar hoto na ƙasan buhun, tare da bututun bindiga sabo fil.

Sufeto ya dawo ya tsaya a kansa. "Kogi na bayanka, ba ka zubar ba?"

"Kaya ne masu kyau, Yallaɓai," in ji Crispín da ƙaramar murya. "Ta yaya mutum zai zubar da kaya masu kyau?"

Saja ya kau da kai ya tofar da yawu a kwandon shara.

"Faɗa mini yadda aka yi."

Crispín ya dafe kai. "Ranar gashin naman, Injiniya ya ja ni gefe. Ya ce yana neman mutum ɗaya da zai riƙe masa rabon kaya na duk lardin nan, kowane shago ta hannunsa zai saya. Ya ce ni ya fi so, amma ba zai ba mutumin da ya kasa tanƙwara kompadrensa ba."

"Ya ce ka kashe shi?"

"Bai ce ba. Cewa ya yi, ka san yadda za ka yi da shi."

"Sai ka je."

"Magana na je yi, na rantse da Budurwa mai tsarki ta cocin Caacupé. Ya rufe shago, muka zauna muna shan tereré. Na ce kompadre, ka mayar da farashi, ni zan roƙa maka Injiniya. Ya yi dariya. Ya ce wani kayan na hanya, zai ƙara ragewa, har sai layin nan ya koma sayar da laima. Ya ce in na rufe shago in zo zai ɗauke ni gadi." Ya share hanci da bayan hannu. "Ni zai ɗauka gadi. Ni da na koya masa sana'ar."

"Magana ka je yi, da bindiga a ɗane?"



"Blas ya san su wa yake sayar wa, ai," in ji Crispín. "Ba waliyyi ba ne. Yaran da ke tsallaka gada da su a cikin tayar mota, a wajensa suke saye."

"A wajenka kuma?"

"Ni da tsada nake sayar musu."

Sufeto ya dube shi. Ya yi wa Saja alama da kai. Saja ya ciro ankwa.

"Juya, Don Crispín. Hannu baya."

"Injiniya fa?" Crispín ya tambaya yayin da ƙarfen ke rufewa. "Shi ba za ku kama shi ba?"

"Zan rubuta abin da ka faɗa, in kai wa mai gabatar da ƙara."

Duk su biyun sun san inda maganar za ta tsaya. Mutum ya yi kyauta, ya gasa nama, ya faɗi jimla ɗaya a gefen gona ba shaida. Ƙaryar da ya yi game da rumbu ma lauyoyinsa za su ce mantuwa ce.

Aka ɗaga ƙofa aka fito da shi. Masu shaguna sun jeru a bakin ƙofofinsu. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya yi masa sannu. Don Higinio ya matso kusa da Saja, ya rage murya.

"Saja, kayan da ke shagonsa, kotu za ta riƙe ne ko iyalinsa za su iya sayarwa?"

"Matsa ka ba ni wuri kafin in haɗa da kai."

Suka sa Crispín a bayan mota. Sufeto na shirin shiga ya ga babbar mota mai tambarin kamfanin Talavera ta tsaya a tsallake, daidai ƙofar shagon marigayin. Ma'aikata na sauke kwalaye. Ña Edelira na tsaye cikin baƙaƙen kaya tana nuna musu inda za su jera.

Ya tsallaka ya same ta.

"Mun kama wanda ya kashe mijinki."

"Na gani." Ta dubi motar 'yan sandan sau ɗaya. "Allah ya isa tsakanina da shi."

"Waɗannan fa?"

"Injiniya ya janye ƙararsa. Ya ba ni rabon kaya na lardin, da sharaɗin in daina na Panama." Ta gyara mayafinta. "Ina da 'ya a jami'a, Sufeto. Kar ka dube ni haka."

"Kin san abin da ya gaya wa Crispín?"

"Injiniya ne ya harbe shi?"

"A'a."

"To."

Ta juya ga wani ma'aikaci. "A hankali da wannan, sabon samfuri ne."

Sufeto ya koma mota ya rufe ƙofa. Crispín ya manna fuskarsa a gilashi yana kallon kwalayen na shiga shagon kompadrensa ɗaya bayan ɗaya.

"Ita ya ba?" ya ce. "Ita?"

Ya fara wata irin dariya, dariyar ta koma kuka, ya dinga buga goshi a bayan kujera.

"Ja mu tafi," in ji Sufeto. "Ka sauke gilashi, warin layin nan ya ishe ni."

Saja ya danna oda, masu jakunkuna suka dare, motar ta nufi caji ofis.